Hattara da masu sayar da tsohon iyakwandishan da sunan sabon inbata

Jama'ar Agege, Idi-Araba da Mile 12, don Allah ku karanta ku sanar da 'yan uwa. Akwai masu tallar iyakwandishan a Facebook da WhatsApp, suna cewa sabon inbata ne a kwali, wato irin mai rage cin wuta, farashinsa kusan rabin na shago, har da kafawa kyauta. Wani maƙwabcina mai sana'ar ɗinki ya faɗa hannunsu, kuma abin ya yi min ciwo, domin adashensa ya kwasa ya biya.

Sun san inda ke mana ƙaiƙayi. Tun da aka ƙara wa 'yan Band A, rukunin da aka fi ba wuta, kuɗin wuta zuwa naira 225 kowane yunit a watan Afrilun 2024, kowa inbata yake nema don mita ta daina zuƙe masa kuɗi. Sai su samo tsohon tokumbo, su wanke, su fesa masa fenti, su manna takardar inbata a gaba. Ba su da shago. Za su ce ma kayan suna sito a Alaba, ka tura kafin alƙalami a kawo ma har gida. Kasuwar Alaba kuwa cike take da 'yan kasuwa na gaskiya, sunanta kawai waɗannan suke ara.

Mai kafawar ma nasu ne, kuma a hannunsa aka fi cutuwa. Bututun da ya sa wa maƙwabcin nawa kalar jan ƙarfe gare shi, amma da wani mai gyara na daban ya kankare shi da wuƙa sai ga fari fat, alminiyam ne aka rina. Bai zuƙe iskar da ke cikin bututun ba kafin ya saki gas, mahaɗar ma bai ɗaure ta da kyau ba. Ba a jima ba sanyi ya ɗauke. Da aka kira shi sai ya ce, "Alhaji, gas ne ya ƙare, zafin Legas ke shanye shi." Ƙarya ce. Gas ɗin iyakwandishan zagaye yake yi a rufe, ba ya ƙarewa da kansa. In ya ragu, to akwai inda yake yoyo, kuma ruwan sabulu a kan mahaɗa ya isa ya nuna wurin, za ka ga kumfa tana tashi. Duk mai gyaran da zai ƙara ma gas bai nemi yoyo ba, hanyar dawowa yake shirya wa kansa.

Kafin ka biya ko kwabo, duba takardar da ke jikin injin waje. In ka ga gas ɗinsa R22 ne, tsohuwar ƙira ce. Inbatan da ake sayarwa yanzu R410A ko R32 suke amfani da shi. Sunan kamfani da lambar samfurin na ciki da na waje su dace da juna. Leƙa ƙasan injin da kan kusoshi, tsatsa ba ta ɓuya ko an yi fenti.

Ka je shagon da ƙafarka, a ba ka rasit da katin garanti mai hatimi, ka kuma zo da mai gyaran da ka yarda da shi. Wanda aka riga aka damfara ya adana shaidar tura kuɗi da hotunan hirarsu, ya kai wa bankinsa da 'yan sanda, ya kuma shigar da ƙorafi a hukumar kare masu saye ta FCCPC.