Sharhi kan BARR: horon haɗa malaman sakandare tawaga-tawaga, da abin da yake nema kafin ya yi aiki

BARR (Building Assets, Reducing Risks) hidima ce ta horo da bibiya da makarantu a Amurka ke biyan kuɗinta, yawanci na tsawon shekara uku, domin a raba ɗalibai zuwa ƙananan rukunoni, kowane rukuni da tawagar malaman da ke kula da shi. Wata jami'ar ba ɗalibai shawara mai suna Angela Jerabek ce ta ƙirƙiro tsarin a sakandaren St. Louis Park da ke jihar Minesota a ƙarshen shekarun 1990, bayan ta ga kusan rabin 'yan aji na tara suna faɗuwa aƙalla darasi ɗaya. Hukuncina tun daga farko shi ne tsarin yana da inganci, kuma na fi yarda da shi a kan yawancin irinsa. Amma makarantar da ba ta shirya taɓa jadawalin darussanta ba, gara ta riƙe kuɗinta.

Aji na tara shi ne shekarar farko ta babbar sakandare a can, ga yara masu shekara 14 zuwa 15, kuma nan ne aka fi yin asarar ɗalibai. Masu bincike na Jami'ar Shikago sun nuna a 2005 cewa ɗalibin da ya gama wannan shekara da cikakken sakamakon darussa biyar, bai kuma faɗi fiye da zango ɗaya a manyan darussa ba, damarsa ta kammala makaranta a kan kari ta fi ninki uku da rabi ta wanda bai cika wannan sharaɗi ba. A makaranta mai ɗalibai dubu biyu, yaro kan zame a lissafi, ya daina zuwa darasin kimiyya, ya yi shiru a ajin Turanci, kowane malami yana ganin gefe ɗaya kawai, babu wanda ya haɗa ukun. Wannan giɓin BARR ke son toshewa.

Ga yadda ake kafa shi. Ana ɗaukar malaman manyan darussa, galibi uku, wato Turanci da lissafi da kimiyya ko ilimin zamantakewa, a ba su ɗalibai iri ɗaya. Idan ajujuwa uku ne masu ɗalibai 30 kowanne, malaman uku suna da yara 90 a tsakaninsu, kuma duk sunan da aka ambata a taro kowa ya san fuskarsa. Sannan a ware musu sa'a guda a jadawali wadda dukansu ba su da darasi, su zauna a kai a kai.

Wannan zaman shi ne ƙashin bayan abin da ake saya, don haka ya kamata a dube shi da kyau. Malamai suna buɗe takardar bayanai guda ɗaya mai sunan kowane ɗalibi, da makinsa a kowane darasi, da kwanakin da ya yi fashi, da abin da aka san ya iya. Ana jera yaran a matakai daga 0 zuwa 3, daga wanda komai ke tafiya daidai zuwa wanda ke cikin haɗari sosai. Lissafi ne ya tilasta wannan jeri: zaman minti 45 a kan yara 90 daƙiƙa 30 ke nan kowane yaro, ba abin da za a iya faɗa mai amfani a ciki. Sai a tsaya a kan waɗanda alamarsu ta canza, a kuma riƙa zagayawa yadda ko mai ƙoƙari ba za a manta da shi ba. Ƙa'idar da ta fi burge ni ita ce dole a fara da abin da yaron ya iya kafin a shiga matsalarsa. Wani zai ɗauka kwalliya ce, amma tana da aiki. Idan malamar kimiyya ta ce yaron nan da ke barci a darasin farko shi ne ke fara haɗa kayan gwaji a nata darasin na bayan hutun rana, magana ta tashi daga lalaci ta koma kan abin da ke faruwa da shi da safe. Daga nan a rubuta wanda zai kira iyaye, da ranar da zai kira, da abin da za a sake dubawa mako mai zuwa. Zaman da aka tashi babu sunan malami da kwanan wata a gaban kowace matsala, hira aka yi.

Abin da ya fi ƙarfin malamai, kamar yawan fashi, shaye-shaye, rashin matsuguni ko damuwar ƙwaƙwalwa, ana miƙa shi ga wani zama na daban, inda jami'in ba da shawara da mataimakin shugaban makaranta da ma'aikatan jinya da walwala suke haɗuwa, su nemo taimako har daga wajen makaranta. Raba zaman biyu dabara ce mai kyau, domin in ba haka ba yara biyar masu manyan matsaloli za su cinye lokacin sauran 85 kowane mako.

Akwai kuma darasin I-Time na kimanin minti 30 a mako, wanda malaman tawagar ke karɓa-karɓa a cikin lokacin darasinsu, a kan sauraro, tsara buri, juyayin rashi da makamantansu. A ganina nan ne sashe mafi rauni idan malami ya ɗauke shi kamar aikin dole. Amfaninsa na gaskiya shi ne abin da malamin ya ji daga bakin yara ya kawo zaman tawaga.

Ta fuskar hujja, BARR ya yi wa takwarorinsa nisa. Ya samu tallafin gwamnatin tarayya na shirin i3, wato asusun tallafa wa sabbin dabarun ilimi, a matakansa uku, a 2010 da 2013 da 2016, kuma cibiyar bincike ta AIR (American Institutes for Research) ta gwada shi a makarantu 11 da ɗalibai fiye da 4,000, inda aka yi ƙuri'a a cikin kowace makaranta domin zaɓen wanda zai shiga tsarin da wanda ba zai shiga ba. Waɗanda suka shiga sun rage faɗuwa a manyan darussa, makinsu ya ɗaga. A jarrabawar bai-ɗaya ta karatu da lissafi kuwa sakamakon bai fito fili haka ba, kuma ya kamata mai saye ya riƙe wannan. Tsarin yana hana yaro ɓacewa a cikin taro. Ba ya gyara koyarwar da ba ta da ƙarfi.

Tarihi ma ya koyar da hakan. Tun daga 2000 gwamnatin tarayya ta riƙa ba manyan makarantu masu ɗalibai 1,000 zuwa sama kuɗi su rarrabu ƙanana, gidauniyar Gates ta zuba kimanin dala biliyan biyu a harkar gyaran sakandare da ƙananan makarantu, amma a 2009 Bill Gates da kansa ya ce da yawa daga cikinsu ba su ɗaga sakamakon ɗalibai yadda ake so ba. An canza sunayen ɓangarori, an raba bene-bene, abin da malamai ke yi bai canza ba. BARR ya fi su da cewa ya faɗi abin da tawaga za ta yi a cikin sa'ar da aka ba ta, kuma mai horarwa yana zuwa ya zauna a taron ya duba ko ana yi.

Inda abin ke lalacewa kuwa, kusan kullum daga jadawali ne. Tun ran gini tun ran zane: dole a fara sanya sa'ar zaman tawaga da rukunonin ɗalibai kafin a cusa sauran darussa, watanni kafin a buɗe makaranta. Idan aka bari sai an gama, za a tarar malamin lissafi yana da darasin aji na sha ɗaya a daidai lokacin zaman, sai a mayar da taro bayan tashi, daga nan ya fara mutuwa. Na biyu shi ne yoyon rukuni. Ajin masu hazaƙa a lissafi, darasin kiɗa da ake yi sau ɗaya a rana, ajin masu koyon Turanci da na masu buƙata ta musamman, kowanne yana fizge yara daga rukuninsu. Idan kashi ɗaya cikin uku na yaran malami ba na tawagarsa ba ne, wani kaso na maganar taron bai shafe shi ba, kuma zai fara gyaran takardun jarrabawa a ƙarƙashin tebur. Akwai wani haɗarin da ya fi wannan muni: a tara masu ƙoƙari a rukuni ɗaya, masu rauni a wani, saboda ya fi sauƙin tsarawa. Wannan wariya ce, kuma yara kan gane ta tun makon farko.

Sauran matsalolin ƙanana ne amma suna taruwa. Malamin da ba ya shigar da maki a kwamfuta sai ƙarshen zango ya mayar da takardar bayanai tsohon labari. Kodinetan da aka naɗa ya kula da tsarin a makarantar ba tare da rage masa darussa ba zai gaji kafin tsakiyar shekara. Sabbin malamai da sabon shugaban makaranta suna buƙatar horo daga farko, kuma shekara ta huɗu, bayan kwangilar horo ta ƙare, ita ce gwajin gaskiya.

Saboda haka kuɗin kwangila kashi ɗaya ne kawai na lissafin. A ƙara albashin lokacin kodineta, da masu riƙe ajujuwa a ranakun horo, da sa'o'in koyarwa da aka cire domin zama. Babbar makarantar da 'yan aji na tara ke yawan faɗuwa, kuma shugabanta ya yarda ya kulle sa'ar zama a jadawali ya hana a riƙa jan malamai zuwa wasu ayyuka a cikinta, za ta ga amfanin kuɗinta. Kafin a sa hannu, a nemi mai tsara jadawali ya fitar da gwaji na shekara mai zuwa, a ƙirga yara nawa ne za su samu malaman tawagarsu uku cif. Idan adadin bai kai yawancin ajin ba, a jinkirta kwangilar a fara gyara jadawalin.