Kwamfuta Ta Zaɓa Wa Bokkos Launi, Ko Ke Ki Zaɓa?

Wata 'yar'uwa mai karatun digiri na biyu a Jami'ar Jos ta turo tambaya. Tana nazarin noman dankalin Turawa a Barkin Ladi da Bokkos da Mangu, da manhajar R take zana jadawalinta, sai ta ga Bokkos kore ce a zane na farko, a na biyu kuma ta koma ja. Ta bar wa kwamfuta zaɓin launi ne, ko ta riƙa sa nata da hannu?

'Yar'uwa, ba komai ne ya lalace ba. Ggplot2, kayan aikin zane da kike amfani da shi a cikin R, ba ta san Bokkos ba, layi kawai ta sani. Tana jera sunaye bisa haruffa, sannan ta raba launuka: na farko ja-ja, na biyu kore, na uku shuɗi. A zane na biyu kin cire Barkin Ladi, Bokkos ta matso gaba, ta gaji jan. Excel ma haka take, duk wanda ya zo farko shi ke ɗaukar launin farko.

Barin kwamfuta ta zaɓa yana da sauri, kuma ya isa muddin ke kaɗai ke duban alƙalumanki kina laluben inda suka dosa. Illarsa ta farko ita ce sauyin launin nan da kika gani, ta biyu kuwa ba a cika lura da ita ba sai aiki ya kai teburin malami. Launukan nan na ggplot2 haskensu kusan ɗaya ne, an yi su haka da gangan don kada wani rukuni ya danne wani. To, a Jos mutum nawa ne ke buga kundinsa duka da launi? Da zarar mai shago ya buga miki baƙi da fari, ja da kore da shuɗi duk sun zama toka iri ɗaya.

Zaɓi da hannu kuwa layin umarni biyu ne zuwa uku. Ki rubuta sau ɗaya a saman aikinki cewa Bokkos ruwan lemo, Mangu shuɗi, Barkin Ladi baƙi, kowane launi manne da suna, ki riƙa miƙa jerin ga umarnin scale_colour_manual ko scale_fill_manual a kowane zane. Ko kin cire ƙaramar hukuma ɗaya, sauran suna nan da kayansu. Ni dai wannan nake bi ga duk abin da wani zai karanta.

Sai dai "da hannu" ba yana nufin ki bi son ranki ba. Ja da kore su ne aka fi haɗawa, su ne kuma masu matsalar bambance launi, yawancinsu maza, suka fi rikitawa. Akwai jerin launuka takwas da Masataka Okabe da Kei Ito na Japan suka tsara saboda irin waɗannan masu karatu, kuma tun daga R 4.0 na shekarar 2020 ana samunsa da umarnin palette.colors. Akwai kuma jerin Dark2 da Set2 na tarin launukan ColorBrewer, aikin Cynthia Brewer, su ma takwas-takwas. Viridis, wani jerin launukan, kyakkyawa ce, tana fita sarai a baƙi da fari, amma tafiya take daga duhu zuwa haske, don haka ta fi dacewa da abin da ke da mataki, kamar ƙaramar gona, matsakaiciya, babba. In kika sa ta a kan ƙananan hukumomi, mai karatu zai zaci Mangu ta fi Bokkos wani abu.

Ranar da bincikenki ya faɗaɗa zuwa ƙananan hukumomi 17 na Filato, babu hanyar da za ta cece ki cikin biyun nan, ido ba ya riƙe launi 17. Ki tara su shiyya uku, arewa da tsakiya da kudu, ko ki sa duka ruwan toka ki haskaka ukun da kike magana a kansu. In kuma rukunan naki addini ne ko ƙabila, kin san garinmu: kada ki ba kowa ja.

Don bugun baƙi da fari, ki ƙara wa ɗigo siffa, wannan da'ira, wancan murabba'i, ki kuma buga shafi ɗaya na gwaji kafin ki biya kuɗin kundin duka.