Na turo foldar Stephen Chow a shagon turi, ga abin da na tarar a ciki

Satin da ya wuce muna zaune bayan isha'i, ɗana na biyu yana ta latse-latsen wayar mamansa sai ya ci karo da ɗan guntun bidiyo na Shaolin Soccer, wurin da ƙwallo ke kamawa da wuta, ya juyo yace Baba wannan wane fim ne. Wallahi sai naji tsufa ya sauko min lokaci guda, fim ɗin da muka kalla a faifan sidi har ya karce ya fara tsalle-tsalle wai yau ɗana bai san shi ba. Washegari na ɗauki memori na nufi shagon turi na bakin kasuwar unguwarmu, wata 'yar kwantena ce, rabi cajin waya rabi turi, laftof biyu da hadis, wato hard disk na ajiye fina-finai, sun kai biyar a kan tebur.

Nace ƙanena kana da fina-finan Stephen Chow? Ya kalle ni yace Yaya waye kuma haka. Nace mai ƙwallon Shaolin mana. Yace au, ai da ɗan Shaolin kace, akwai shi folda guda. Naira 100 kowane fim, guda 12 ne a ciki, muka ɗan ja ya bar min a dubu ɗaya. Yaron kam yana da fara'a, har benci ya jawo min, sai dai turin ya ci kusan minti 40 saboda an ɗauke wuta a tsakiya kuma ɗayan laftof ɗin batirinsa ba ya riƙe caji ko na minti biyar, sai da aka tada inji aka sake daga farko.

Da na dawo gida na buɗe sai na ga 12 ɗin nan a baki ne kawai. Shaolin Soccer sau biyu ya fito. Akwai God of Gamblers, wanda na Chow Yun-fat ne ba na mutuminmu ba, sunan Chow ɗin ne ya ruɗi wanda ya haɗa foldar. Sai kuma Gorgeous na Jackie Chan, shi kam na yi masa uzuri tunda Stephen Chow ya ɗan leƙo a ciki a matsayin ɗan sanda na 'yan mintoci. Kenan fina-finansa na gaske 9 na samu. Sunayen fayil kuwa sai addu'a, wani an rubuta "chana comedy 3" wani "shaolin new", sai da na zauna na buɗe ɗaya bayan ɗaya na sake musu suna, na jera su bisa shekarar da suka fito. Kuma jerawar nan ita ce abin da ya fi min amfani a duk cinikin, don sai da na bi su a jere sannan na fahimci mutumin.

An haife shi a Hong Kong a 1962, kuma ba da fim ya fara ba, ya yi shekaru yana gabatar da shirin yara a gidan talabijin na TVB yana kuma fitowa a ƙananan rol a dirama. A 1988 ya samu kyautar Golden Horse ta mataimakin jarumi da fim ɗin Final Justice, wanda ma ba na barkwanci ba ne. Abin da ya ɗaga shi shine All for the Winner na 1990, wanda dama kwaikwayon God of Gamblers ne aka mayar abin dariya, to kunga kuskuren mai shago ma ya zo da ɗan amfani don na kalli biyun a jere. Sai Fight Back to School na 1991, inda yake ɗan sanda aka sa shi ya saka yunifom ya koma makaranta a matsayin ɗalibi.

Gaskiya waɗannan biyun ban ji daɗinsu yadda na zata ba, kuma laifin ba na fim ɗin bane. Irin barkwancinsa na lokacin a baki yake, can suna kiransa mo lei tau, wato magana mara kai da gindi, mutum ya tambaye ka abu ka ba shi amsar da ba ta da alaƙa da tambayar amma da fuska a ɗaure kamar gaske, ga wasa da kalmomi na yaren Kantonis wanda ko 'yan China masu jin Mandarin sai an yi musu dobin suke ganewa, shi ya sa ma muryar da yawancinsu suka sani ta wani ɗan Taiwan ce mai suna Shi Banyu ba tasa ba. To ka ɗauki wannan ka sa masa sabtaitil na Turanci fari a kan hoto mai haske, yana wucewa kafin ka karanta rabi. Kana ganin 'yan fim ɗin suna ta zuba ka san an faɗi abin dariya amma kai an bar ka a tasha. Kamar ka ɗauko tsohon fim ɗin marigayi Ibro ka rubuta wa Bature fassara a ƙasa, me zai gane a ciki? Kwalitinsu ma ba yabo, da alama daga tsohon kaset aka kwafo. Abin da ya rage min kawai shine kallon shi da Ng Man-tat, dattijon nan da suka daɗe suna fitowa tare, ko ba ka jin yare ka san bakinsu ɗaya, yadda Ibro da Kulu suke in sun haɗu.

From Beijing with Love na 1994 shine inda sunansa ya fara fitowa a matsayin darakta, tare da Lee Lik-chi. Tsokanar James Bond ne, mahauci ne wai shi ne ɗan leƙen asiri. Shi da God of Cookery na 1996 na kalla ni kaɗai, akwai wuraren da ba zan so yara su gani ba, don haka duk wanda zai tura foldar nan a wayar gida ya cire su gefe tukuna.

Wanda ya ba ni mamaki shine King of Comedy na 1999, ban taɓa ganinsa ba sai yanzu. Labarin wani ne mai son zama ɗan fim, kullum yana lokeshin ana ba shi rol ɗin wanda za a harbe ya faɗi, shi kuma ya ƙi mutuwa da wuri wai yana nuna ƙwarewa, har a kore shi. Akwai wurin da yazo karɓar abincin rana irin na ma'aikatan lokeshin, Ng Man-tat da ke rabon ya hana shi ya ci masa mutunci a gaban mutane. Na yi dariya amma kuma sai naji wani abu ya tsaya min a maƙoshi, don mutumin da ya yi shekaru yana shirin yara kafin a san da shi ne yake ba ka wannan labarin, ba a littafi ya karanto ba. Duk wanda ya taɓa zaman jiran a kira shi aiki zai gane. A nan ne ma Cecilia Cheung ta fara fitowa a fim, Jackie Chan shima ya leƙo na ɗan lokaci. In da fim ɗaya za a ce na biya dubu ɗayata dominsa to wannan ne, duk da sautin wanda aka turo min yana riga hoto da kamar daƙiƙa ɗaya.

Yanzu Shaolin Soccer na 2001. Guda biyun da nace ashe ba iri ɗaya bane. Ɗaya minti 87 ne da dobin Turanci, wato wanda kamfanin Miramax ya daddatse don kasuwar Amurka, ɗayan kuma dogon ne da fassarar Hausa. Na Turancin ku goge shi kawai, an cire wurare da dama kuma labarin Mui mai yin burodin tururi da tai chi ya zama kamar an manna shi. Na Hausan shi muka kalla da yara. Mai fassarar ya yi ƙoƙari, wasu wuraren ma ya ƙara gishirinsa har mamansu da ba ta kallon fim ɗin Chana ta zo ta zauna, amma matsalarsa ba ya iya yin shiru, ko inda babu mai magana sai ya cika wurin da surutu, ga talla da ake jefowa a tsakiyar wasan ƙarshe, ana shirin buga shot kawai sai kaji ana karanto lambar waya.

Abin da na lura da shi a nan shine mutumin ya canza hanya gaba ɗaya. Shi ne darakta, yana cikin marubuta, shi ne ekta, kuma ya kwashe dariyar daga baki ya mayar da ita jiki da ido. 'Yan'uwan nan na Shaolin da duk rayuwa ta yi musu atishawar tsaki, ɗaya yana aiki a mashaya ana fasa masa kwalba a ka, ɗaya ƙiba ta yi masa yawa, golansu sanye da rawayar riga irin ta Bruce Lee, duk wannan ba ka buƙatar jin yare ko ɗaya. Ƙaramar 'yata mai shekara biyar dariya take har da faɗuwa. Ba banza ba fim ɗin ya kwashe kyautar fim mafi kyau da ta darakta da ta jarumi a bikin kyaututtukan fina-finai na Hong Kong, kuma shine na ƙarshe da suka yi da Ng Man-tat, wanda ya rasu a 2021.

Kung Fu Hustle na 2004 kuwa mai shago ya fita kunyata, tas yake, hoto garau sauti daidai, babu dobin sai sabtaitil kuma ban ma damu da karantawa ba. A wurina har gobe shine ƙololuwar aikinsa. Shanghai na shekarun 1940, 'yan daban gatari da baƙaƙen kwat, da wani gidan haya na talakawa inda tela da mai toye-toye da ɗan dako ashe duk gwanayen faɗa ne da suka ɓoye kansu. Uwar gidan hayan nan mai sigari a baki da abin naɗe gashi a kai, wadda in ta kurma ihu gilasai ke fashewa, duk wanda ya taɓa zaman haya ya san irinta, har da kashe ruwan famfo ana tsakiyar wanka. Sunanta Yuen Qiu, ita da Yuen Wah da ya fito a mijinta makarantar wasan opera ɗaya suka yi da su Jackie Chan da Sammo Hung, kuma ta daɗe da barin fim kafin ya dawo da ita. Shi Yuen Wah ma ya taɓa yi wa Bruce Lee dobul, wato ya fito a madadinsa a wuraren tsalle-tsalle masu wuya. Bruce Leung da ya fito a bos, tsohon nan mai sanƙo da silifas, shima tsohon jarumin shekarun 1970 ne. Wato dai yaron da ya tashi yana kallon waɗannan mutanen a sinima ne ya samu kuɗi ya tattaro su ya ba su wuri, har shi ekta ɗin ya koma gefe, rabin fim ɗin ba abin da yake yi sai shan duka da kwasar kunya. Wurin jifa da wuƙa, inda duk wuƙar da abokinsa ya jefa shi take cakewa, sau uku yara suka sa na mayar baya.

CJ7 na 2008 na yara ne sosai, uba lebura a wurin gini da ɗansa da wani ɗan halitta daga sama mai kama da kare. Yaron ma ashe yarinya ce ta fito a rol ɗin, Xu Jiao. Yara sun so shi, ni dai haka-haka, ga shi akwai wurin da ya sa ƙaramar kuka sai da aka lallashe ta. Daga shi bai sake jan fim a matsayin jarumi ba. The Mermaid na 2016 darakta kawai ya yi, na zauna ina ta jiran fuskarsa har fim ya ƙare. A lokacin da ya fito ya zama fim ɗin da ya fi kowanne kawo kuɗi a tarihin sinimar China, ya haura dala miliyan 500, kuma wurin da wani attajiri yaje ofishin 'yan sanda yana kwatanta musu 'yar ruwa suna zano masa shirme suna danne dariya, kana gani ka san hannun waye. Amma wanda aka turo min a sinima aka ɗauka da kyamara, har kan wani yana giftawa, fim ɗin da ya fito tun 2016 fa.

Jiya na koma shagon nace ƙanena ka cuce ni a wurare uku. Bai yi musu ba, ya sosa ƙeya yace Yaya wallahi haka na sayo hadis ɗin, ya goge min Shaolin na Turancin da God of Gamblers ya sa min Journey to the West na 2013 kyauta, shima Stephen Chow ne darakta. Mermaid mai kyau kuma yace na dawo ranar Asabar zai nemo a wurin ogansa. Shawarata ga mai zuwa irin shagon nan, kar ka ce a turo maka folda duka, ka tsaya a kansa ya buɗe kowane fayil ka ja zuwa tsakiya ka ji sauti ka duba mintocin, sannan ka zaɓi King of Comedy da dogon Shaolin da Kung Fu Hustle, in akwai yara ka ƙara CJ7, naira 400 ta gama maka. Na ba shi sunayen da na gyara ya kwafa a takarda, ina fitowa naji yana gaya wa mai caji wai ashe ɗan Shaolin yana da suna.