Takin kajin da aka rantse min ya ruɓe

Jama'a duk wanda zai sayi takin kaji na buhu don lambu, dan Allah ya zura hannu har tsakiyar buhun kafin ya biya kuɗi. In ya ji ɗumi to bai ruɓe ba, komai rantsuwar mai shi. Abin da ya haɗa ni da wani mai kawo taki da ake ta yabo kenan, ba zan kama suna ba.

Tun a waya na gaya masa ruɓaɓɓe nake so, wanda ya daɗe a jibge ya huce, saboda dashen tumatir da tattasai na ya kusa isa cira. Ya ce Yallaɓai kar ka ji komai, wannan ko yau ka zuba gobe ka dasa. Bakin buhunan kuwa masha Allah, baƙi wuluk, yana marmashewa a hannu, ba wari. Da muka zazzage a fangali sai ga na ƙasa a dunƙule da laima, dusar katakon da ake shimfiɗa wa kajin ko launi ba ta sake ba, ga zarni mai hawa kai har ido na ruwa. Na kira shi a take, wai ruwa ne ya taɓa buhunan a hanya, in cakuɗa da ƙasa in yi ban ruwa sosai shikenan.

Wallahi dashen nan ni na rene shi tun daga iri, safe da yamma ina kansa, ya yi ƙarfi ya yi kore gwanin sha'awa, amma ko sati bai rufa a fangalin ba gefen ganyen ya fara bushewa yana nannaɗewa, rana na ɗagawa sai su langaɓe alhali ƙasar jiƙe take sharkaf, ka ƙara ruwa su ƙara kwanciya. Na tumɓuke guda na duba, saiwar ta koma ruwan ƙasa, fararen gashin nan masu shan ruwa babu ko ɗaya. Taki ne ya ƙone su ba wata cuta ba. Kashin kaji ya fi na shanu da na awaki zafi nesa ba kusa ba, sinadarin naitirojin ɗinsa da yawa, in ɗanye ne amoniya yake fitarwa, iskar nan mai zarni, ga kuma gishiri, maimakon saiwa ta sha ruwa sai a zuƙe na jikinta. Mai sana'ar taki ya san wannan sarai, shi ya sa abin yake ci na. Ƙuda kuwa kar a yi magana.

Allah ma ya sa ban kai shi wajen latas da karas ba, abin da ake ci ɗanye. Ɗanyen taki na iya ɗaukar ƙwayoyin cuta irin su Salmonella da E. coli, shi ya sa a Amurka ƙa'idar noman da ba sinadari ta ce a bar kwana 120 tsakanin zuba shi da girbin abin da ke taɓa ƙasa, kwana 90 ga wanda ba ya taɓawa. Shi kuma nawa mutumin gobe ya ce in dasa.

Amma tsakani da Allah takin kansa ba shi da laifi. Ragowar buhunan na jibge su gefe da busasshen ganye da tattaka, ina yayyafa ruwa ina juyawa da shebur, da sassafe har tururi yake. Zafin nan ake so, in ya haura digiri 55 a ma'aunin Celsius ya jima a haka yana kashe mafi yawan ƙwayoyin cuta da irin ciyawa. Bayan wasu watanni ya huce, zarnin ya tafi, sai ƙamshin ƙasa. Na zuba wa alayyahu da kabeji, ban taɓa ganin ganye mai faɗi da duhu haka a lambun nan ba. Ƙasar ta yi laushi tana riƙe danshi, ban ruwa ya ragu, har tsutsar ƙasa, wato tana, ta dawo. Kuma babu ciyawar nan da kashin shanu kan taho da ita ta cika fangali. A lokacin har na ji zuciyata ta ɗan sauko, na ce ko in sake ɗaukowa a wajensa.

Sai kuma na tuna yashin da na tarar a gindin kowane buhu, yashi zalla don ya yi nauyi, na tuna kuɗin ruɓaɓɓe na biya aka kawo min ɗanye, aikin da na saya da kuɗina ni na dawo na yi shi da hannuna. Tumatir kuwa lokacinsa ya wuce, sake renon iri ya makara. Na tura masa hotunan saiwar ya gani bai ce uffan ba, ko yi haƙuri babu, kwanaki kuma sai ga saƙonsa wai sabon kaya ya iso ko ina so. Ba na so Malam.