Waldar lantarki ko ta kabaid: abin da na gani a jirgina

Ɗan'uwa, ka tambaya wacce ta fi wajen haɗa jirgin ruwa na ƙarfe tsakanin waldar lantarki da ta kabaid (mai aiki da harshen wutar gas), da kuma inda za ka samu ƙarfe. Ɗauki ta lantarki kawai. Ƙarfen ƙwarangwal ɗin jirgin kuma za ka samu a wurin 'yan gwangwan, amma sai ka buɗe ido.

Jirgina mai ƙafa 16 a Yawuri muka haɗa shi, ni da wani dattijo mai walda, da ɗan injin walda na inbata wanda ko yaro zai rataya a kafaɗa. Har yau ina jin daɗin tuna yadda Baba yake aiki. Ba ya jan walda mai tsawo. Sai ya ɗiga nan, ya zagaya ɗaya gefen ya ɗiga can, ya miƙa igiya daga kusurwa zuwa kusurwa ya auna, sannan ya ci gaba. Da na ƙosa na ce, "Baba, a ja ta gaba ɗaya mana," sai ya ɗage gilashin fuskarsa ya ce in ya yi haka zafi zai janye ƙarfen gefe guda, jirgin ya fito a karkace, in yi ta fama da shi a ruwa yana kai ni inda ban nufa ba. Ilaktirod (sandar walda) mai lamba 6013 muka yi amfani da shi, mai kaurin geji 12 a jikin faranti, geji 10 a ƙashin baya da haƙarƙari. Damina shida ke nan, ya sha karo da duwatsu lokacin da ruwa ya janye, ko ɗinki ɗaya bai buɗe ba. Sharaɗin waldar lantarki dai wuta: ƙaramin janaretan gida ba zai ɗauke ta ba, nemi mai kamar kVA 5.

Ta kabaid kuwa na taɓa sayen kayanta, na yi nadama. Ga jinkiri, ga zafinta yana bazuwa har faranti ya lanƙwashe kamar fai-fai. A bar wa masu gyaran salansa. MIG, wato waldar da ake yi da waya da gas, tana da kyau a cikin shago, amma a bakin kogi iska tana kwashe gas ɗin da ke kare waldar, sai ta fito da ƙananan huji.

Batun ƙarfe. Idan Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano ta fi maka kusa, can za ka fi samun zaɓi. Nemi angil ayon (ƙarfe mai kusurwa) na inci ɗaya da rabi, kaurin milimita 3 zuwa 4, irin wanda aka kwance daga rufin sito ko ƙafar tankin ruwa. Wannan ƙarfe ne mai laushi, yana karɓar walda lafiya lau. Sifirin mota da ƙarfen zubi ka bar su ko kyauta ne, domin a gefen waldar suke tsagewa bayan sun huce. Rodin gini ma ba na jirgi ba ne. Fayif mai farin shafi kuwa, in dole ne, a gurje shafin kafin a kai masa wuta, kuma a fili, don farin hayaƙinsa yana kwantar da mutum da zazzaɓi. Farantin da zai taɓa ruwa shi kaɗai ne zan ce ka daure ka saya sabo, milimita 2 ko 3. Duron da aka taɓa zuba wa fetur kada ka bari a kusanto shi da wuta, fashewa yake yi.

Ba ka tambaya ba, amma sai na faɗa. Duk ƙarfen gwangwan da ka ga yana ƙyallin sabon fenti, akwai abin da aka rufe. Ni an taɓa sayar mini da angil guda takwas a haka. Da muka sa giranda, sai ga tsatsa ta cinye shi kamar gara ta ci azara. Tafi da guduma a hannunka. Ƙarfe mai lafiya ƙara yake yi in ka buga, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji "tuf", ɓawo yana zuba. Tsaya kan sikeli da kanka, ka ga allura tana kan sifiri kafin a ɗora. Wanda ya kawo maka ƙarfen titin jirgin ƙasa ko murfin kwalbati da araha, kayan sata ne, kai za a kama da shi. Ilaktirod ma ka buɗe kwalin a gaban mai sayarwa, wanda ya sha danshi tartsatsi kawai yake yi.

In an gama walda, kafin fenti, shafa alli a bayan kowane ɗinki, ka shafa kananzir ta ciki, ka bar shi ya kwana. Inda allin ya yi duhu, nan ruwa zai shigo. A gurje a sake. Sannan jan fenti shafi biyu, a bar akwatin iska a rufe gaba da baya, domin jirgin ƙarfe in ya cika da ruwa ba ya tasowa kamar kwale-kwalen katako. Ranar gwaji ka tsaya inda ruwa bai wuce ƙugu ba, da rigar kariya a jikinka.