Sharhi Kan Shirin Gidaje na Habitat for Humanity a Amurka

Daga cikin shirye-shiryen da ke taimaka wa masu ƙaramin ƙarfi su mallaki muhalli a Amurka, da wuya a samu wanda ya kai Habitat for Humanity suna. Millard Fuller da matarsa Linda ne suka kafa ƙungiyar a 1976 a garin Americus na jihar Jojiya, sunanta kuwa ya ƙara fita tun daga 1984, lokacin da tsohon shugaban ƙasa Jimmy Carter da mai ɗakinsa Rosalynn suka fara shiga aikin ginin da hannunsu. A yau tana aiki a dukkan jihohi 50 na ƙasar da kuma ƙasashe sama da 60. Sai dai mai neman gida ba da hedikwata yake hulɗa ba, da reshen garinsa ne, kuma kowane reshe shi ke tara kuɗinsa, ya nemi filayensa, ya zaɓi iyalan da zai gina wa.

Mutane da yawa sun ɗauka kyautar gida ake yi, alhali sayar da shi ake yi a kan bashi mai sauƙin biya. Sharuɗɗa uku ake dubawa: buƙatar muhalli ta gaskiya, ikon biyan bashin wata-wata, da amincewa a yi aiki tare da ƙungiyar. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ya bambanta shirin da sauran, domin iyalin da aka zaɓa sai sun shafe ɗaruruwan sa'o'i suna aikin ƙarfi a ginin gidansu ko na wasu, sannan su halarci darussa kan tattalin kuɗi da kula da gida. A ganina tsarin ya yi ma'ana, don wanda ya ga yadda aka kafa rufinsa ya fi sanin inda zai duba ranar da ya fara yoyo. Amma yana da nauyi ga uwar da ke aiki wuri biyu tana renon yara ita kaɗai, ko da yake rassa da dama suna barin 'yan'uwa da abokai su cike wani kaso na sa'o'in.

Inda shirin ya fi cancantar yabo shi ne wajen biya. Ana tsara bashin ne yadda abin da za a riƙa biya ba zai wuce kashi 30 cikin 100 na kuɗin shigar iyali ba, kuma kuɗin kafin alƙalami ba shi da yawa. Tun asali bashin ba shi da ruwa, rassa masu yawa ma suna nan a kan haka, amma wasu yanzu suna haɗa mai saye da banki a kan ruwa kaɗan, don haka wanda wannan batu ya dama ya tambaya tun kafin ya cike takarda. Ƙungiyar ta Kirista ce a tushenta, amma dokarta ta hana nuna bambancin addini wajen zaɓen iyalai, ta kuma hana fakewa da aikin don yin wa'azi.

Raunin shirin shi ne jira. Rassa da dama ba sa karɓar takardun nema sai a wani ɗan lokaci na shekara, masu nema sun fi gidajen yawa nesa ba kusa ba, kuma daga ranar da aka zaɓi mutum zuwa ranar da zai karɓi mabuɗi ana iya shekara guda ko fiye. Wanda ba shi da tsayayyen albashi ba ya samun shiga, wato mafi talauci ba su ne shirin yake ɗauka ba. Akwai kuma ƙa'idojin sake sayarwa, domin sau da yawa reshe ne ke da haƙƙin farko na sayen gidan, ko a iyakance ribar da mai gida zai ci.

Ɓangaren gyara bai kai na gini suna ba, amma ni shi na fi ba wa maki. Ana gyara rufi da dakali, a yi fenti, a kafa gangaren keken guragu da ƙarafan riƙewa a banɗaki, abin da ke ba tsoho damar ci gaba da zama a gidansa. Mai gida a karkara ya kamata ya kwatanta wannan da shirin Sashe na 504 na Ma'aikatar Noma ta Amurka, wanda ke ba da bashin gyara har dala 40,000 a kan ruwa kashi 1 cikin 100 na tsawon shekara 20, da tallafin dala 10,000 ga masu shekara 62 zuwa sama, wanda sai an mayar da shi idan aka sayar da gidan kafin shekara uku. Mazaunin birni kuwa, kafin ya je reshen Habitat, gara ya biya ta ofishin gidaje na ƙaramar hukumarsa, domin a can ake rabon tallafin kafin alƙalami da na gyara daga kuɗin da gwamnatin tarayya ke turo wa garuruwa.