Shekara ɗaya da katin kashbak a aljihuna, ga abin da na gani

Ni fa da na zo Amurka karatu ban taɓa tunanin zan riƙe katin bashi ba, a gida abin da na sani ATM ne da POS, kuɗinka ka saka kuɗinka ka cira shikenan. Sai da na je neman ɗaki a wajen makaranta a nan Minneapolis mai gidan ya duba sunana a kwamfuta ya ce ba ni da tarihin bashi ko kaɗan, sai dai in ajiye kuɗin kafin alƙalami ninki biyu ko in kawo wanda zai tsaya mini. Wai rashin cin bashi ma laifi ne a ƙasar nan. Akwai maki da ake ba mutum gwargwadon tarihin bashinsa, FICO, daga 300 zuwa 850, ni ko sifiri ban da shi.

Kafin a kai ga kati sai da na sha zirga-zirga. Ɗalibi mai bizar F-1 ba ya samun lambar SSN, wato lambar shaida ta gwamnati da galibi bankuna ke tambaya kafin su ba ka kati, haka kawai sai ya samu aiki, to na samu na jera littattafai a laburare, wanda doka ta ce kar ya wuce awa 20 a sati in ana karatu. Kuma akwai wata doka ta 2009 da ta ce in ba ka kai shekara 21 ba sai ka nuna kana da kuɗin shiga naka na kanka ko wani ya sa maka hannu. Wani banki na fara gwadawa suka ce a'a, ban ji haushi ba sosai, ni ma in ni ne ba zan ba baƙo bashi ba.

Kati biyu na sa a gaba. Capital One Savor na ɗalibai yana mayar maka da kashi 3 cikin ɗari na abin da ka kashe, shi ne kashbak, a cin abinci a waje da cefane da kallo, Discover it na ɗalibai kuma kashi 5 amma a rukunin sayayya da ke canzawa duk zangon wata uku, kamar man fetur ko cefane, sauran komai kashi 1. Duka babu kuɗin shekara. Na ɗauki Discover saboda abu ɗaya, duk kashbak ɗin da ka tara a shekarar farko suna ninka maka shi in shekara ta cika, kuma da gaske sun ninka, na gani da idona.

Amma kar kashi 5 ɗin nan ta ruɗe ka kamar yadda ta ruɗe ni. Iyakarta dala 1,500 ne a wata uku, wato ko ka kashe har ƙarshe dala 75 ce za ta dawo, kuma wane ɗalibi ne mai jera littattafai zai kashe 1,500 a gidan mai? Ni ko keke ban da shi, bas da jirgin ƙasa nake hawa, so duk zangon da aka ce man fetur ne kallo kawai nake. Zangon cefane shi ne nawa, shagunan Somaliyawa na Cedar-Riverside inda nake sayen naman halal da shinkafa basmati ya shiga lissafi lafiya lau, ƙarshen shekara kuma galibi Amazon na ciki, a nan na sayi rigar sanyi da takalmin ƙanƙara. Sannan dole ka shiga manhaja ka danna kunnawa duk zango, in ka manta kashi 1 za ka ci gaba da samu, na taɓa yin sati 3 ban kunna ba, sakaci na ne ba na kowa ba. Gaba ɗaya abin da na tara a shekara bai kai dala 100 ba kafin ninkin. Kuɗin littafi ɗaya kenan, littafin ma na hannu.

To maganar da ta fi damuna ita ce riba, kuma ita Baba ya fara tambaya a waya, ya ce kai yanzu bashin ruwa ka je ci a Turai? Na ce Baba Allah ya ƙara girma ba haka ba ne, in ka biya duka abin da aka rubuto maka na wata kafin ranar da aka yanka, kobo ba a ɗora maka, kuma doka ta ce a ba ka aƙalla kwana 21. Malamai sun saba a kai, akwai masu cewa sa hannu a yarjejeniyar ma bai halatta ba tunda sharaɗin ruwa na ciki, akwai masu sassauci in kana biya kan lokaci. Kowa ya tambayi malaminsa, ni dai na tambayi nawa.

Sai ga shi na faɗa da ƙafata. Na saita cirewa kai tsaye daga asusuna amma maimakon in zaɓi a biya duka sai na danna mafi ƙaranci ban lura ba, ina tsakiyar jarabawa. Wata ya zagayo ina zaune a ɗaki ina cin indomi na buɗe waya na ga an ɗora mini dala 7 da 'yan kai a kan ragowar dala 380. Wallahi cokalin ajiyewa na yi. Ba yawan kuɗin ba, abin da na rantse wa Baba ba zai faru ba ne ya faru, kuma kashbak ɗin watan gaba ɗaya bai kai dala 7 ɗin ba. Ruwan katunan nan sau da yawa yana haura kashi 20 a shekara, kai kuma kana murnar kashi 1. A daren na biya komai na gyara saitin.

Da yau zan zaɓa wataƙila Savor zan ɗauka don kuɗina a abinci yake ƙarewa kuma ba ruwanka da kunna komai, sai dai ka sani cefanen Walmart da Target ba ya shiga kashi 3 ɗinsu. Discover ɗin ma ban rufe ba kuma ba zan rufe ba, daɗewar kati na ƙara maki. Makina ya haura 700 yanzu, ɗakin da na kama a watan Agusta ba wanda ya tsaya mini. Baba dai har yau bai san labarin dala 7 ɗin ba.